Goran Fito a Mashigin Baba Kolo

A kasuwar Jahun na fara ganin Madugu Tanko, yana zaune a kan buzu a gindin tsamiya, yana ɓare goro yana miƙa wa duk wanda ya gaishe shi. Ni kuwa na iso a galabaice, tafin ƙafata duk ya tsage, ba komai a cikina sai ruwan rijiya. Shekarar nan fara ta sauka mana a ƙasar Rano damina na tsakiya, ta bar mana kara tsirara. Na baro tsohuwata da matata Dije, cikinta ya fara fitowa, na ce bari in je in nemo abin da za mu ci kafin ta sauka. Ban da noma, abin da na iya a duniya shi ne surutu, shi kuwa ba mai saye.

"Samari, daga ina?" in ji madugun.

"Daga ƙasar Rano, Madugu. Ilu sunana."

"Mutanen dutse! Ai ku ne masu ƙarfin wuya. Za ka ɗaukar mini kaya zuwa Haɗeja? Nan da Haɗeja kawai. Muna saukewa in auna maka hatsi ka juya gida."

Ya sa aka dama mini fura. Ina sha ina sa masa albarka har da kakanninsa. Washegari aka ɗora mini ƙunshin baƙaƙen riguna na rini, muka kama hanya: madugu a kan doki, jakuna, 'yan dako, da wasu ƙarti biyu masu kwari da baka waɗanda aka ce don 'yan fashi ake tafiya da su.

A cikin 'yan dakon akwai wani Gambo, ya girme ni sosai, ya daɗe a hannun madugu. Ba ya son magana, ni kuma ba na son shiru, saboda haka muka dace. Shi ya koya mini yadda ake naɗa gammo don kada kaya su ci mini tsakiyar kai, shi ya shafa mini kitse a tsagar ƙafa. In na cika shi da labarin garinmu sai ya ce, "Ɗan Rano, ka rage wani na gobe."

Da muka doshi Auyo ƙasa ta canza mini. Mu a wurinmu ruwa abu ne da ake zuwa nema da tulu. Nan kuwa shi yake zuwa neman mutane. Shinkafa kore shar iya ganinka, tsuntsaye farare suna takawa a ciki, sauro kuwa har da rana bai san kunya ba. Can gaba muka tarar da kogi ya gitta hanya. Cikar ruwa ba ta iso ba tukuna, ana ratsawa da ƙafa, amma yana kawowa ƙirji. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ina jin yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata sai na saki salati na cafke wutsiyar jaki. Da ita na haye, jakin yana harbi a cikin ruwa, ayari duk ana dariya. Madugu ma ya yi dariya, amma na lura ya daɗe yana kallona bayan kowa ya daina. Sai daga baya na gane abin da ya gani: mutumin da ba zai taɓa guduwa ba muddin akwai ruwa a bayansa.

Haɗeja gari ne mai ganuwa da albarka, kasuwarsa ba abin da babu, amma ni ban ji daɗinsa ba. Mun sauka a gidan wani fatoma, wato mai saukar da fatake. Na ajiye kaya na tsaya jiran hatsina. Madugu ya ce kasuwa ba ta yi ba, in yi haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa. Ta zo ta wuce. Ya karɓi wuƙata da sandata ya ce ajiya zai yi mini, garin akwai ɓarayi. Kullum da romon bakan da zai yi mini, kullum kuma ana cewa kogi yana ƙara cika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarar taɓarya da hantsi. Akwai wata mata a maƙwabta da take daka tana tafi tsakanin bugu, sak yadda Dije take yi. In ta fara sai in koma bayan jakuna in zauna, don kada a ga idona.

Ranar nan ina kwashe kashin jakuna sai na ji madugu yana ce wa fatoma, "Wancan mai surutun? A Kano na saye shi. A Barno zai yi daraja."

Na yar da kwandon. "Wa ka saya? Ni ɗa ne, ɗan Musulmi! Ubana Mamman, kakana Jibo, a je Rano a tambaya!"

Ɗaya daga cikin 'yan bakan ya ɗauke ni da mari har na ga wuta. Fatoma bai ko ajiye goronsa ba. Cewa ya yi, "Duk haka suke faɗi."

Da yamma Gambo ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce ba ni ne na fari ba. Madugu yakan tsinci baƙo mai yunwa a kasuwa, ya kai shi inda ba wanda ya san sunan ubansa, ya sayar. Na ce me ya sa bai gaya mini tun a Jahun ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da na faɗa, da wa zai shafa maka kitse? Da tuni an raba mu." Ban gamsu ba, amma ban iya riƙe shi a rai ba. Tun daga ranar aka sa mini ido, ko bayan gida zan zaga da mai baka a bayana.

Akwai wata tsohuwa da take kawo dafaffen kifi ƙofar gidan. Ana gobe za mu tashi ta ga kumburin fuskata, ta ciro kan tarwaɗa ta miƙo mini ba ta ce in biya ba. Tana gyara murfin tukunya ta ce ƙasa-ƙasa, "Ta Baturiya za ku bi, ko?"

"Haka na ji, Iya."

"To, in kun je mashigin Baba Kolo za a tambaye ka wata magana. Kada ka dubi fuskar kowa. Ka faɗi abin da ke ranka."

Na so in tambaye ta ƙarin bayani, mai baka ya matso, ta ɗauki tukunyarta tana tallan kifi.

Daga Haɗeja aka ɗaura mini igiya a ƙugu, aka haɗa da ta Gambo da wasu biyu, wai don kada mu ɓace a cikin ciyawa. Hanyar Baturiya da a ce da daɗin rai na bi ta da na yi ta ba da labarinta har tsufa. Goruba ko'ina, dinya da agwagin ruwa suna tashi garke-garke, shanun Fulani suna kiwo ruwa har ciki, masunta suna kife a kan goruna suna jefa koma. Ni dai igiyar ƙuguna nake kallo. Madugu kansa ba a sake yake ba. Shi ɗan rani ne, ya saba bin hanyar nan lokacin da ake ratsa rassan kogin da ƙafa. Jinkirin Haɗeja ne ya sa ruwa ya riske shi, bai taɓa hayewa a hannun masu fito ba.

Da hantsi muka iso mashigin. Ruwa ne ja, mai faɗi, yana tafiya ba ƙara. A gindin wata goruba an jera goruna manya-manya, kowane sai mutum ya buɗe hannu biyu zai rungume shi. Wurin ba itacen da za a sassaƙa jirgi, saboda haka da su ake fito: a zuba kaya a ciki, mutum ya kife a kai ya rungume, mai fito yana iyo yana tura shi.

Wani gajeren tsoho mai faɗin ƙirji ya taso, ba komai jikinsa sai warkin fata a ƙugu, fatarsa ta yi furu-furu don zaman ruwa. Da a kasuwa na gan shi da ban dube shi sau biyu ba.

"Lale, lale da baƙi. Sannunku da hanya. Ni ne Kolo." Ya dubi kayan, ya dubi jakunan, ya dubi igiyar ƙugunmu. "Ga yadda muke yi a nan: kaya su fara hayewa, sannan dabbobi, mutane daga ƙarshe."

Madugu ya ce ya ji. Samarin fito suka yi ta kai da kawowa har kayan duka suka taru a wancan ƙetaren. Aka kora jakuna da doki suka bi da iyo. Madugu ya tura mai baka ɗaya ya haye don ya tsare dukiya. Sai aka zo kan mutane.

"A kwance igiya," in ji Baba Kolo. "Igiya ba ta shiga ruwa."

Madugu ya ɓata fuska, amma ya ga gaskiyar abin, aka kwance. Tsohon ya koma gindin gorubar nan, nesa da inda kunne zai kai, ya fara kiranmu ɗaya-ɗaya. Na ga ya yi magana da Gambo, sun ɗan jima. Gambo ya sunkuya ya ɗauki gora da hannunsa ya nufi bakin ruwa. Sauran ma haka. Sai ya yafito ni.

Ya dube ni da jajayen idanunsa na mai ruwa. "Ɗana, a mashigin nan ba a ɗora wa mutum gora, shi yake ɗauka. Ruwan nan, da son ranka za ka shiga, ko kawo ka aka yi?"

Tun da na baro gida ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Ina jin idon madugu a ƙeyata. Na tuna tsohuwa mai kifi, na kafa idona a kan goran da ke gabana.

"Kawo ni aka yi, Baba."

"To, zauna nan inuwa."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai tambaye ni asalina ba, bai ce in rantse ba. Ya taka zuwa wurin madugu ya ce, "Mutum ɗaya ba zai haye ba. Sauran bismilla."

Madugu ya fara da dariya. "Wannan? Tsoron ruwa ne kawai. A Auyo da wutsiyar jaki ya haye. Ku ɗaure shi a jikin goran ku tura."

"Ko tsoro ne ko ba tsoro ba, ya ce bai yarda ba."

"Bawana ne!"

"Ban ce ba bawanka ba ne, Madugu, ban kuma ce bawanka ba ne. Wannan maganar alƙali ce. Ga hanyar Haɗeja nan, ka mai da shi, ka kawo shaidunka, shi ma ya faɗi nasa. Ni abin da na sani ruwa. Ba na sa mutum a ciki sai ya ce ya yarda."

"Zan kira maka bulama, mai garin nan!"

"Kira shi. Shi ma in zai haye sai na tambaye shi."

Madugu ya cika ya batse. Ya yi wa mai bakan da ya rage ido, shi kuwa ya ɗaga ƙatuwar sandarsa ya sauke wa tsohon a kafaɗa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Baba Kolo ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Amma samarin fito, ba wanda ya ce musu komai, kowa ya ja goransa ya faɗa ruwa, suka yi nisa da gaɓa suka tsaya suna shawagi suna kallonmu. Gindin goruba ya zama wayam.

Madugu ya dubi ƙetare. Ga dukiyarsa can tsibi guda, ga dokinsa, ga jakunansa, mutum ɗaya tak yana gadi a dajin da bai sani ba. Ya dube ni. Na ga yana auna ni da rigunan rini, na kuma gode wa Allah da rigunan suka fi ni nauyi. Gaban alƙali kuwa ya san ba inda za shi. Ya tofar da yawu ya ce in je, yunwa ma ta ishe ni.

Baba Kolo ya miƙe yana dafe da kafaɗa. Ya ɗaga hannu mai lafiyar, samarin suka dawo. Sannan, wallahi ina tsaye, ya dubi madugu ya ce, "Kai fa? Da son ranka za ka shiga?" Sai da madugu ya amsa da bakinsa, ya sunkuya ya ɗauki gora kamar kowa.

Na ruga wurin Gambo na riƙe masa hannu. "Yaya Gambo, ka ce ba ka yarda ba! Ka ga dai an bar ni!"

Ya girgiza kai. "Matata da 'yata suna gidansa a Barno, Ɗan Rano. In na tsaya nan, wa suke da shi?"

Na juya wurin tsohon ina kuka. "Baba, ka hana shi! Ka san halin mutumin nan!"

"Na tambaye shi, na sake tambaya. Ya san inda za shi, ya san abin da ya bari can. In na riƙe shi don ina ganin na fi shi sanin abin da ya dace da shi, me ya raba ni da madugunku?"

A lokacin na ji haushin maganar. Gambo ya ciro ɗan ƙoƙon kitsen nan ya damƙa mini, ya kife a kan goransa. Ina kallo har ya zama ɗigo a wancan gaɓar. Ban sake ganinsa ba.

Zazzaɓin fadama ya kwantar da ni a gidan Baba Kolo. Matarsa, Inna Fanna, ita ta yi jinyata da kunun shinkafa da romon kifi, tana yi mini tsiya wai mutanen dutse sauro ɗaya ke kayar da su. Ita ce ta gaya mini asalin al'adar, wata rana tana fyaɗe kifi. Ta ce yayan Baba Kolo shi ne gwanin iyo a duk yankin. An taɓa kawo masa wani mutum a ɗaure aka ce ya haye da shi. A tsakiyar ruwa mutumin ya saki gora ya shaƙe masa wuya, suka nutse tare. "Wanda ya shiga da kansa, ko yana tsoro, gora yake riƙewa," in ji ta. "Wanda aka tura, mutum yake riƙewa. Tun daga ranar maigidana ya ce shi da tura mutum har abada. Da farko don ransa ya fara. Yanzu kuwa ko akuya zai ɗaure sai ka ga kamar zai nemi izininta."

Da na warke na zauna. Ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi. Na koyi banda kifi, ina sauke kaya, ina liƙe goran da ya tsage. Surutuna ma ya sami kasuwa: in an sami matsoraci a bakin ruwa ni nake zama da shi, in ba shi labarin wutsiyar jaki har ya yi dariya jikinsa ya saki. Ruwan dai ban yarda ya wuce mini idon sawu ba. Samarin suna kirana Sarkin Tudu.

Na zauna da mutane kafin nan da bayan nan, ban ga mai hali irin na tsohon nan ba. Kafaɗarsa ba ta koma daidai ba, hannun ba ya ɗaguwa sama, amma ko sau ɗaya bai ambata mini ba. Bai taɓa ce mini "je ka yi kaza" ba, sai dai "in kana da hali". Na ga wasu Fulani sun zo da shanunsu za su haye, tsohuwarsu ta ce ita ba ta shiga. 'Ya'yanta suka ce a ɗauke ta cak, ai ba nauyi gare ta ba. Baba Kolo ya shimfiɗa mata tabarma, aka kwana biyu ana jira, har ranar da ta tashi da kanta ta ce a ba ta goran. Wasu suna cewa taurin kai ne da shi. Ni dai na san a gidansa na fara jin cewa ni mutum ne tun barina Rano.

Gidan ba yara. 'Ya'yansu maza duk sun rasu, matan suna aure nesa. Wani lokaci muna cin tuwo Inna Fanna takan fara, "Ilu, da ma a ce kai..." sai tsohon ya yi gyaran murya, ta mai da maganar kan miya.

Aka girbe shinkafa, sanyi ya fara shigowa. Na san watan Dije ya kusa, na san rumbunmu ba ko tsaba, na san tsohuwata ta fara fid da rai da ni. Komawa ta Haɗeja ba ta taso ba, fatoman nan yana ganina zai ce bawa ne ya gudo. Hanya ɗaya ce: in haye a nan, in karkata kudu in bi ta Dutse. Ruwan mashigin kuwa ba ya janyewa sai bazara. Ana haka sai ga wasu fataken kifi za su Dutse, mutanen da Baba Kolo ya sani ya kuma amince da su. Hanya ba ta biyuwa ga mutum ɗaya a wancan zamanin. In sun wuce, sai wani jiƙon.

Inna Fanna ta ɗaure mini bandar kifi da shinkafa, kaya guda har da ɗori, ta shige ɗaki ba ta fito ba. Kayana suka haye tare da na fatake. Aka zo kan mutane. Baba Kolo ya kira ni gindin goruba kamar bai taɓa ganina ba.

"Ɗana, ruwan nan, da son ranka za ka shiga?"

"Da son raina, Baba."

"To, ga gora."

Na sunkuya. Hannuna ya ƙi. Na dubi ruwan nan ja yana tafiya, na ji yashin Auyo yana zamewa ƙarƙashin ƙafata. Na koma na zauna daɓas. Fatake suna ta hayewa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Ka sa samarin nan su kama ni su ɗaure a jikin goran. In na yi ihu kada ku saurare ni. Ni na ce a yi, ai da yardata ne."

"A'a."

"Ni fa na roƙa!"

"Bakinka ya roƙa. In an kama ka, jikinka bai san da wannan magana ba, wuyan wani zai nema." Ya zauna kusa da ni. "Ba na tura ka, Ilu, ba na kuma riƙe ka. In ka ɗauka, ni da kaina zan kai ka. In ba ka ɗauka ba, a dawo da kayanka, tuwonka yana nan."

Na yi masa magiya, na yi fushi, har na ce masa mugu. Ko gezau. Ya ciro zare yana gyaran koma kamar ba abin da ke faruwa. Bafatake na ƙarshe ya haye. Daga can ƙetare na hango suna ɗora kaya a ka, wani yana ɗago mini hannu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Can cikin gari wata mata ta fara daka. Ba ta tafi kamar Dije, daka ce kawai irin ta kowa. Na saurara, na saurara. Sai na ga na miƙe. Goran ya fi yadda nake zato sauƙi. Na kai shi bakin ruwa da hannuna, na yi bismilla, na kife a kai.

Tsoron bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Haƙorana suna haɗuwa, idona a rufe. Amma goran na riƙe. Ina jin tsohon a bayana yana iyo da hannu ɗaya, yana numfashi da ƙyar, yana cewa, "Saki ƙafarka. Haka. Ba ni labarin jakin nan." A tsakiyar kogi na buɗe ido. Ruwa ta ko'ina, sama a buɗe, wasu dinya suna wucewa a kanmu. Na ba shi labarin jaki, ya yi dariya har ya sha ruwa.

Da ƙafata ta taɓa ƙasa na rarrafa na fita na kwanta a kan yashi. Shi bai fito ba, ya tsaya ruwa iya ƙugu yana riƙe da goran, yana murza kafaɗarsa. Sai na koma ga tsokana.

"Baba, da na ƙi ɗauka fa? Da haka za ka yi ta ciyar da Sarkin Tudu har abada?"

Ya dubi ruwa.

"Da na samu ɗa," ya ce.

Na tashi zaune. Sai yanzu na gane gyaran muryar nan ta wurin cin tuwo.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Kana ganin ka ci tuwona, kana ganin kafaɗar nan. Da na faɗa, da ba ka iya ce mini a'a ba." Ya juya goran ya fuskanci gida. "Tashi, mutanenka sun yi nisa. Ka gai da mai jego."

Na ɗora kayana na bi fatake. Da na kai kan tudu na waiwaya. Yana tsakiyar kogi, shi kaɗai, yana tura goran da ba kowa a kai, da hannu ɗaya.